Ranar da Na Yi wa Sululu Wanka

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba wasu rana har ta ishe su, ya ba wasu sanyi har ya fi ƙarfinsu. Ku matso, ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai tambaya ya haɗiye ta sai na gama, domin ni idan aka katse mini magana ban san inda hannuna yake sauka ba.

Ni ne Korau ɗan Arzika, jikan mahauta, wanda mutanen Tudun Maƙera suke kira Tartsatsi. Ban taɓa durƙusawa gaban wani ogan gareji ya koya mini riƙon sifana ba. Da kaina na koya: in kwance babur, in ɗaura, abin da ya yi saura in jefa a aljihu. Na yi acaɓa har titi ya san ƙamshina, kuma duk abin da ke da inji a ƙasarmu na hau shi, har injin markaɗe na taɓa ɗora wa sirdi.

Wata safiya ina zaune a teburin Ilu mai shayi, taubashina, sai na bugi ƙirji na ce babu abu mai inji a bayan ƙasa da ban hau ba. Ilu ko kallona bai yi ba, yana ta sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan.

Ya ce, "Tartsatsi, rage mana hanya. Wani falke ya sha shayi a nan, ya ce can ƙarshen arewa akwai babur marar ƙafa ko ɗaya, kuma barewa ba ta iya bin sa."

Na ce, "Babur marar ƙafa? Kai dai Ilu, hayaƙin murhu ya gama da kanka."

"To je ka gani mana. Ai mun sani, bakinka ne kaɗai ke da babbar giya."

Benci ya kwashe da dariya. Na miƙe na bar shayina da zafinsa, na rantse ba zan sake ɗora mazaunaina a bencin nan ba sai na hau babur ɗin. Na saɓa jakar sifanuna, na sa gabas a hannun dama, na kama hanya.

Na ratsa daji na ratsa sahara, har na isa Birnin Raɗa, inda ba a ɗaga murya. Sarkinsu raɗa yake yi, mai shelarsu raɗa yake yi, jakunansu ma an koya musu kuka a hankali. Ni kuwa ban yi rabin yini ba wani ya taka mini ƙafa a kasuwa, na gaya masa abin da nake tunani game da shi da kakanninsa. Dogarai suka kama ni cikin raɗa, alƙali ya yanke hukunci cikin raɗa, wai a ɗinke mini baki da zaren saƙa. Ana cikin neman allura sai na hango babur ɗin alƙali a ƙofar kotu, an naɗe salansarsa da tsumma. Na roƙi alfarma in duba masa fulogi kafin a rufe bakina. Suka yarda. Na kwance salansar ɗungurungum, na buga inji. Jama'a, birni guda ya zube ƙasa yana toshe kunne! Na fita ta ƙofar arewa ina tafiyar ƙasaita, ina yi musu sallama da iyakar muryata.

Daga nan na shiga jirgin katako a Tekun Maciya Ƙarfe, inda kifaye ke jin ƙamshin ƙarfe daga nesa su zo su huda jirgi. Ko ƙusa ɗaya babu a jirgin. Da matuƙin ya ji jakata tana ƙara, ya ce ko in jefa ta a ruwa ko a jefa mu tare. Na ce ya ba ni ɗan lokaci. Ina da ƙullin daddawa da na taho da shi daga gida, na jiƙa, na shafe sifanun nan ɗaya bayan ɗaya. Kifayen suka taso, suka sansana, suka juya da gudu. Matuƙin ma ya koma can ƙarshen jirgi, bai sake yi mini magana ba har muka sauka.

Haka na iso ƙasar Turmak. Ƙasa fara fat, dutse fari, sama fara, babu itace babu ciyawa, sai dusar ƙanƙara iyakar ganinka. Rana takan leƙo kamar maƙwabcin da ya zo aron wuta, ta koma. Na tofa yawu, kafin ya kai ƙasa ya daskare, na ji ya ce ƙwal. Na buɗe baki zan zagi sanyin, haƙorana suka riga ni magana.

Wata tsohuwa ce ta tsince ni a bakin gaɓa na sandare kamar busasshen kifi. Sunanta Tulga, ni kuwa Inna nake ce mata. Tsawonta bai wuce taɓarya ba, amma idan ta yi gyaran murya ƙarti sukan nemi wurin zama. Tana da ɗa ɗaya, Bornak, wanda nake kira Dogo, ƙato ne kamar rumbu, kuma idan ya yi kalma ɗaya da safe to ta biyun sai la'asar. A gidansu na zauna har na iya harshensu. Zagi na fara koya, don shi na fi bukata.

A rumfar bayan gidan na gan ta, abar da na baro gida dominta. Ilu bai yi ƙarya ba, ko da yake ban ji daɗin hakan ba. Ba ta da ƙafa. A gaba dogayen takalma biyu ne masu santsi kamar ƙananan kwale-kwale, a ƙarƙashinta wata faffaɗar tabarmar roba mai haƙora tana juyawa tana tura ta. Hannuwanta kamar ƙahonin sa, totur ɗinta ɗan harshen ƙarfe ne a ƙahon dama, da babban yatsa ake danna shi. Suna da sunan da suke kiranta, amma harshena ya ƙi ɗauka, sai na sa mata Sululu.

Na ce, "Inna, ara mini ita in zaga gari."

Ta ja hannuna har kasuwar kifi, ta nuna mini wani dattijo da aka ɗaura wa ragama a ƙirji, yana jan amalanke marar ƙafa, wani mutum na zaune a kai yana gyangyaɗi.

Ta ce, "Ka ga wancan? Garluk ke nan. Ya ari abin hawan surukinsa ya nutsar a tafki. A Turmak, wanda ya ɓatar da abin hawan wani, shi yake zama abin hawan, har gemunsa ya yi fari. Na Garluk ya kusa."

Na shafa nawa gemun. Baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Mu kuwa a gidanmu furfura ba ta san hanya ba, kakana da baƙin gemu aka kai shi kushewa. Na ga kaina ina jan tsohuwar nan har ƙarshen rayuwata, Ilu yana can yana gaya wa mutane cewa tsoro ne ya hana ni dawowa.

Duk da haka na ce, "Na ji. Ara mini."

Ta ce, "Sai ka iya gaisuwa."

Ashe a Turmak ba a hawa abin hawa sai an gaishe shi kowace safiya, kuma Dogo ne ya nuna mini yadda ake yi. A share dusar da ta kwana a jikinta da busasshiyar tsintsiya. A danna totur a saki, a ga ya dawo da kansa. A matse birki a ji ya kama. A buɗe murfi a duba bel ko ya tsage, a tabbata akwai wani bel ɗin da fulogi a ajiye ƙarƙashin sirdi. A ɗaga bayanta a girgiza don ƙanƙarar da ta riƙe tabarma ta saki. Sannan a tayar da inji a bar shi ya ɗumama gwargwadon shan kwanon romo. Ba a fita mutum ɗaya, kuma ba a fita sai an faɗa wa na gida inda za a. Suka raba ni da babbar rigata, wai tabarma za ta cafke ta ta haɗa da ni, suka kifa mini hular kwano mai gashi a ciki.

Dogo yana da doguwar sanda mai ƙugiyar ƙarfe a baki, da ita yake ƙwanƙwasa ƙanƙarar da ta rufe tafki kafin ya hau. Ranar da ya koya mini wannan sai da ya ƙarar da maganar mako guda.

Ya ce, "Shuɗiyar ƙanƙara tana ɗaukar giwa. Mai ruwan toka, ko kaza a'a. In ta yi kuka, kwanta rub da ciki."

Duk wannan na haɗiye, ko da yake ina da abin cewa. Inda muka saɓa shi ne wajen jar igiya. Wata 'yar igiya ce mai lanƙwasa kamar hanjin kaza, bakinta ɗaya a soke a jikin Sululu, ɗaya bakin a maƙale a ɗamarar mahayi. Idan mahayi ya faɗi, igiya ta fizge, inji ya mutu nan take.

Na ce, "Inna, a garinmu akuya ake ɗaurewa a turke. Ni jikan mahauta ne. Mu ke ɗaurewa, ba a ɗaure mu."

Ta ce, "Madalla, ɗan nan. Muna da jarumai irinka da yawa."

"Suna ina? A kira su mu gaisa."

"Suna ƙarƙashin tafki. Mu matsorata mu ne muka saura, muna cin kifin da suka ƙosar."

To, muddin idonta ko na Dogo yana kaina, nakan maƙala igiyar, ina zaga gida kamar ɗan maraƙi. Har ranar da Inna ta ce gobe zan bi Dogo wurin kamun kifi a gefen babban tafki, shi a kan tasa, ni kaɗai a kan Sululu.

Da asuba na shiga rumfa na dube ta da kyau, sai kunya ta kama ni. Jikinta duk kitse, da ɓawon kifi, da baƙin mai. Mutanen Turmak ba su san komai ba sai sharewa da tsintsiya da shafa kitse. Ku da kuka san 'yan acaɓa, ku faɗa mini: akwai wanda yake fita da safe bai wanke mashin ɗinsa ba? Wace fasinja ce za ta tsayar da shi? Kuma ku riƙe wannan, domin shi ne hujjata har gobe: a duk dokokin da suka jera mini, babu wanda ya ce kada a wanke ta. Ba su hana ba, saboda tun da aka kafa Turmak ba a taɓa samun wanda tunanin haka ya zo masa ba.

Na ɗebo ruwan zafi daga tukunyar Inna, na ciro sabulun da na taho da shi, na yi wa Sululu wanka irin na ranar suna. Na wanke takalma, na wanke sirdi, na cuɗa ƙahoni, na tsiyaya ruwa a maƙogwaron totur har sai da ya fito fes. Sannan na yi mata gaisuwar safe, ban tsallake komai ba. Na danna totur na saki, ya dawo tsaf, don ruwan da ke cikinsa da sauran ɗumi. Na cika tanki har baki. Na rataye jakar sifanuna a ƙahon hagu yadda muke yi a gida.

Dogo ya shigo, ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Tana ƙyalli."

Na ce, "Hannu ne, Dogo. Ba kowa aka ba."

Muka fita, shi a gaba yana fasa hanya, ni a baya. Da muka zo wucewa ta gaban masu ɗinkin fatu, na ga sun fito suna kallon baƙo da abin hawansa mai ƙyalli. Haba, a ce a gan ni a ɗaure? Na zare igiyar daga ɗamarata na bar ta tana reto a ƙahon dama, na ɗaga musu hannu.

Muka fito wani fili mai faɗi wanda ya gangara zuwa tafki. Iska tana yanka kamar aska. Na ga Dogo yana tafiya kamar mai rakiyar gawa, zuciyata ta ce mini, Korau, nuna masa yadda ake yi a Tudun Maƙera. Na danna totur har ƙarshe. Sululu ta yi tsalle, na wuce Dogo kamar an harba ni daga baka. Na yi masa gwalo, na saki yatsa.

Totur bai dawo ba.

Na ja shi da farce, ya ƙi. Ruwan wankan ya daskare a cikinsa ya riƙe shi kamar an yi masa walda. Na matse birki, ya yi ƙara ya yi ƙauri, Sululu ko a jikinta. Kafin in tuna da jar igiya mun hau wani tudu, na ga sama a ƙasa, na ga ƙasa a sama, sai ga ni tsundum a cikin dusa, kai a ƙasa ƙafafu suna harbin iska.

Dogo ya tuge ni kamar rogo. Na tofar da dusa na ce, "Ina take?"

Ya nuna da sanda. Can na hango ta tana sheƙa gudu ita kaɗai, tana ƙyalli abinta.

"Bi ta mana, Dogo! Me kake jira?"

"Ba nauyi a kanta. Ba mai kamo ta."

"To man zai ƙare ai."

Ya dube ni. Sai na tuna wanda ya cika tankin har baki.

Amma Allah bai bar ni haka ba. Nauyin jakar sifanuna ya rinjayi ƙahon hagu, sai Sululu ta riƙa yin zagaye, babban zagaye kamar na shaho. Na fara murna, sai na lura duk zagayen da ta yi, gangara da iska suna ƙara tura ta wajen tafki, daidai inda wani kogi yake shiga, inda ƙanƙara take da ruwan toka, bayanta kuma baƙin ruwa yana motsi. Na ji ragamar Garluk a ƙirjina tun ba a ɗaura ba.

Sai jinin gidanmu ya motsa. Kakannina hawan ƙaho suke yi, sa ya taho a fusace su faɗa tsakanin ƙahoninsa su rungume. Na ruga na tsaya a kan hanyarta, na ware hannuwa, na fara kirari: "Sai ni Korau, tartsatsi mai ƙona rumbu! Sai ni na Arzika..."

Ban kai ƙarshe ba na ji an ɗauke ni ta ƙeya an yi jifa da ni gefe. Sululu ta wuce fuu, ta bi ta kan sawun ƙafafuna ta shafe su.

Dogo ya ce, "Sa yana gajiya. Wannan ba ta gajiya."

Ina kwance ina neman zagin da ya dace da shi, sai idona ya sauka kan jar igiyar nan tana kaɗawa a ƙahon dama, ta wajen da'irar. Na tuna a mahauta ma ba mai kirari ne yake kayar da sa ba, wanda ya laɓe a gefe da igiya ne. Na fizge sandar Dogo mai ƙugiya.

Sai dai kafin mu gangara, zagayen ya riga ya koma kan tafki gaba ɗaya. Inda ya fi kusa da gaɓa ma a kan mai ruwan toka yake. Dogo ya ɗora ƙafa ɗaya, ƙanƙara ta yi ƙara, ya janye. Nauyinsa ya yi yawa. Ni ne dai, ba wani.

Na dubi ƙanƙarar. Na dubi baƙin ruwan. Na dubi igiyoyin jan kaya da ke naɗe a bayan abin hawan Dogo.

Na ce, "Dogo, ɗaure ni."

Ya ce, "Akuya ake ɗaurewa."

Ku ji mutum! Shekara da shekaru ba ya magana, sai yau ya ga damar zolaya.

Na ce, "Ɗaure ni, don girman Inna! In kuka kake so in yi maka irin nata, zan yi. Mee! Ka ji? Mee!"

Ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya yi ƙulli irin wanda ba ya kwancewa, ya ba ni bakin wata igiyar na riƙe a haƙori. Na kwanta rub da ciki na riƙa jan jiki kamar ƙadangare, sanda a gaba, ƙanƙara tana ƙiƙ-ƙiƙ a ƙarƙashina, ina ganin inuwar kifaye suna bi na, ina ce musu ba yau ba.

Na isa gefen sawunta na lafe. Ta taho tana ruri. Na miƙa ƙugiya, na kuskure, ta watsa mini dusa a fuska ta wuce. Na bi ta da ido har can ɗaya gefen, na ga takalminta na waje ya taɓa bakin ruwa har ya fantsama. Idan ta sake komawa can, ba za ta dawo ba.

Ta juyo. Wannan karon ban kalli Sululu ba, ban kalli ruwa ba, jar igiyar kaɗai nake kallo. Na bar ta ta zo daf, na ɗaga sanda. Na ji an fizgi kafaɗata kamar za a cire ta, sai wani abu ya ce ɓul.

Inji ya mutu.

Ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba, har na ji na yafe wa mutanen Birnin Raɗa. Sululu ta zame, ta zame, ta tsaya cak. Na ja ciki na isa gare ta, na ɗaura mata igiyar da ke bakina a ƙarfen baya. Sai farin ciki ya ɗebe ni na miƙe tsaye don in yi wa Dogo kirarin da bai bari na gama ba.

Ƙanƙara ta ce ƙaras, ta buɗe baki.

Sanyin ruwan nan ba zan iya kwatanta muku shi ba, domin ba ku da abin da za ku auna shi da shi. Na nutse har wuya, na ji kamar an soka mini allurai dubu. Sai igiyar ƙuguna ta miƙe, aka ja ni a kan ƙanƙara kamar buhun gero har gaɓa. Dogo ya tuɓe mini jiƙaƙƙun kaya, ya naɗe ni cikin fatar da yake shimfiɗa, ya hura wuta. Sannan ya ɗaura ɗaya igiyar a abin hawansa, ya janyo Sululu da baya a hankali har ta hau tudu.

Da muka isa gida, ni a naɗe kamar ƙunshin goro, Sululu a jaye, rabin gari ya taru. Inna ta zaga ta, ta danna totur ta ji shi kamar dutse, ta sunkuya ta sansana.

Ta ce, "Wannan wane irin ƙamshi ne?"

Na ce, "Sabulu ne, Inna."

"Me ya kawo shi nan?"

"Wanka na yi mata."

Aka dubi juna. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi me baƙon ya ce, aka maimaita masa. Ya ce, "Da ruwa?" Aka ce da ruwa. Sai dariya ta ɓarke. Mata suna riƙe ciki, maza suna faɗuwa a dusa, Dogo kansa kafaɗunsa suna rawa. Na tashi zan yi faɗa, na tuna babu komai a jikina sai fata, na koma na zauna.

Na ce, "Ku yi dariyarku! A ƙasar mutane tsabta ba laifi ba ce. Sanyinku ne ba shi da tarbiyya."

Inna ta share hawaye ta ce, "Abin hawana bai ɓata ba, don haka gemunka ya tsira. Amma ba ta da lafiya, ni kuwa kullum sai na je kasuwa. Har ranar da za ta warke, kai ne Sululu."

Washegari aka ɗaura mini ragama. Inna ta hau amalanke ta harɗe, ta maƙala jar igiya a ɗamarata ta riƙe ɗaya bakin, wai ko zan ƙwace. A hanya muka haɗu da Garluk yana jan surukinsa. Ya dube ni irin kallon tsohon ma'aikaci ga sabo, ya ce in riƙa jingina da ƙirji, kada in ja da wuya.

Inna ta ƙwala daga baya, "Ɗan nan, naka totur ɗin yana dawowa kuwa, ko shi ma an yi masa wanka?"

Tun da nake gyara ban taɓa yin mai sauri irin wannan ba. Muna dawowa na zare wayar totur daga bututunta, na shanya su kusa da murhu har suka bushe ƙayau, na bi duk wani lungu da ruwa ya shiga na tsane shi, na canza birkin da na ƙona, na shafa man da ba ya daskarewa. Inna ta sa aka kwana da Sululu a waje cikin sanyi, da safe ta danna totur da kanta ta saki. Ya dawo. Ta kwance mini ragama.

Ranar na hau Sululu hawa na gaskiya. Na gaishe ta, na maƙala igiya, Dogo a gaba yana ƙwanƙwasa hanya, muka bi ta kan shuɗiyar ƙanƙara muka ƙetare babban tafki. Babu ƙura, babu rami, babu ɗan sanda. Duwatsu farare suna wucewa kamar garken shanu, rana ta leƙo ta zuba ja a kan komai, ni kuwa ina tafiya kamar ana ɗauke da ni a tafin hannu. Na buɗe baki zan ce wani abu, na rasa, karo na farko a rayuwata.

Da zan taho gida, Inna ta ba ni tsohuwar jar igiya ta ce in riƙe. Dogo ya raka ni har jirgi, ya daɗe yana neman kalmar sallama, can ya ce, "Mee."

Na sake ratsa teku da sauran daddawata, na kauce wa Birnin Raɗa, na iso Tudun Maƙera da hantsi. Ban biya gida ba, na zarce teburin Ilu, na zauna a bencin nan daidai inda na tashi.

Ya ce, "A'a, Tartsatsi! Mun ɗauka kura ta yi kalaci. Ka hau?"

"Na hau."

"Ina shaida?"

Na ɗaga riga na nuna masa jar igiyar a maƙale a ɗamarata. Ya sunkuyo, ya ja ta, ya saki ta koma.

Ya ce, "Jama'a ku zo ku gani! Ya tafi ƙarshen duniya ya dawo da igiyar akuya!"

Benci ya kwashe da dariya, aka fara janye kofuna daga gabana, don an san hali. Na ɗauki burodi, na auna ƙeyar Ilu, sai na fasa, na gutsura.

Na ce, "Akuyar ce ta dawo, Ilu. Jarumawan suna ƙarƙashin tafki. Zuba mini shayi, mai zafi, kuma ka cika kofin."

Nan hikayata ta tsaya, na zare mata igiya. Wanda ya ce ƙarya ce, hanyar arewa tana nan a buɗe, sai dai ya bar sabulunsa a gida.